Daga Kwangila zuwa Agege: Na je ganin zanen ɗan ƙanwata

Ƙanwata da ke aure a Agege ta Legas shekara 24 ke nan ta kira ni a waya wani dare bayan damina ta ɗauke, ta ce ɗanta na fari, wanda ya daɗe yana yi wa manyan motoci rubutu da ado da fenti, an sa shi cikin waɗanda za a baje kolin zanensu a wani zauren unguwa, kuma mahaifinsa ya rantse ba zai taka wurin ba. Ta ce, "Yaya, kai ne babba a ɗakinmu, kai ne kuma malamin makaranta. Ka zo ka gani da idonka. In abin kunya ne ka tsawata masa, in kuwa ba shi ba ne, ka yi wa Alhaji magana." Na nemi izinin kwana biyar a wurin aiki, na ɗaure mata ƙullin daddawa da kuka da kilishi, ranar Laraba bayan la'asar na hau doguwar motar da ta taso daga Kano ta tsaya ɗaukar mu a Kwangila. Naira 42,000 na biya kuɗin kujera, ban da 2,000 na kaya.

Daga Zariya zuwa Kaduna har Zuba babu abin faɗa sai ƙura da wuraren da ake gyaran hanya. Abin da ya rage mini nisan tafiyar shi ne maƙwabcina na kujera, wani dattijo mai sayar da huluna, wanda ya ce ya fi shekara 30 yana kai kaya Obalende da Idi-Araba. Da muka saba, sai ya zaro hula ɗaya daga jakar da ya rungume, ya haska mini ita da fitilar waya, ya nuna mini yadda zare ya hau kan zare babu inda ya kauce, ya ce irin wannan takan ci mace wata guda tana ɗinki tsakanin girki da reno. Na tambaye shi ko ya san wadda ta ɗinka ta. Ya ce shi a hannun dillalai yake saye, dillalan ma a hannun yara suke karɓa, hula kuwa ba a tambayar mai ita, kyau da farashi ake tambaya. A lokacin na ɗauki maganar hirar mota ce kawai, sai da na kwana biyu a Legas ta dawo mini.

Mun tsallake kogin Kwara ta gadar Murtala cikin duhu, muka shiga Lakwaja wajen ƙarfe ɗaya na dare. Direba ya ce a nan za mu jira asuba, domin ba zai shiga dajin da ke bayan Okene da fasinja cikin dare ba, kuma babu wanda ya yi masa musu. Na ci shinkafa da soyayyen kifi na naira 2,500 a wata rumfa, na kwanta a kan benci har aka kira salla. Da gari ya waye muka bi ta Okene da Owo da Akure, kuma a wannan yanki ne shingaye suka yi yawa har na daina ƙirga su. A mafi yawansu yaron mota ne yake sauka ya dawo, amma a guda biyu an sauke mu duka, aka ce kowa ya tsaya kusa da kayansa. Wani mai kaki ya kwance ƙullin daddawata ya shinshina, ya tambayi ko mene ne, na yi masa bayani da Turanci, ya mayar mini. Dattijon nan kuwa sai da aka zazzage masa huluna a gefen titi, ya durƙusa yana kaɗe musu ƙasa ɗaya bayan ɗaya, bai ce uffan ba. Na taya shi tattarawa, kuma har muka wuce Ife raina bai daina ɓaci ba.

Mun iso Berger, mashigar Legas, da yammacin Alhamis, bayan kusan awa 25 a hanya. Ɗan ƙanwata yana tsaye yana jirana, ya rusuna ya gaishe ni, ya karɓi kayana, sannan ya juya ya yi ciniki da kwandastan danfo, wato ƙaramar motar haya ta Legas, da Yarbanci mai santsi kamar ba jikan Zazzagawa ba. Muka bi ta Ogba cikin cunkoso, muka sauka kusa da gadar Pen Cinema, muka ƙarasa gida a ƙafa ta wani lungu da ke bin gefen layin dogo.

Wanda bai taɓa zuwa Agege ba zai yi mamakin yadda Hausa ta zauna a wurin. Cinikin goro da layin dogon da ya haɗa Ikko da Kano tun 1912 su ne suka fara tara mutanenmu a nan, kuma yanzu akwai gidajen da kaka da jika duk a Agege aka haife su, suna da masallatansu da makarantun allo da sarkinsu. Sai dai muhalli ya yi ƙunci ƙwarai. Surukina Alhaji dillalin shanu ne a mayankar Oko-Oba, yana da rufin asiri, amma ɗaki biyu da falo yake haya, babu zaure, babu tsakar gidan da mace za ta shanya tsaba. An sauke ni a ɗakin yaron, wanda rabinsa gwangwanayen fenti ne da falankai jingine da bango. Zafin garin mai danshi ne, irin wanda ko ka yi wanka ba ka bushewa, ga ƙarar jirgin ƙasa da janareto, don haka daren farko barci kaɗan na samu. Da safe aka kawo mini burodin Agege mai laushi da dafaffen wake da aka zuba wa baƙin yaji soyayye da manja, wanda suke kira ewa agoyin, kuma tun daga ranar shi na riƙa nema kowace safiya.

Da daren Juma'a muka zauna da Alhaji a kan tabarma a ƙofar gida, ya faɗa mini abin da ke ransa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ya ce rubuta "Allah ya kiyaye hanya" a goshin tirela sana'a ce, ana biya, ba ya ƙin ta. Abin da yake tsoro shi ne surar abu mai rai, wadda ya taso yana jin malamai suna tsoratarwa a kanta, sannan yana gudun ɗansa ya shiga cikin mutanen da bai san tarbiyyarsu ba. Ban ga wautar maganarsa ba, domin ni ma da irin wannan karatu na tashi, kuma uba ne yake magana a kan ɗansa. Na ce masa ya ba ni zuwa gobe.

Zauren yana da tafiyar minti 15 a ƙafa daga gidan. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, mallakar ƙungiyar mazauna unguwar, wanda ake haya don bikin suna da walima, da yamma kuma a koya wa manya karatu, mata su koyi ɗinki. Sau uku a shekara sukan kwashe kujerun roba su jibge a baya, su shafe bango da farin fenti, su ɗaura fitilu a jikin katakon rufi, wurin ya zama na masu zane har tsawon mako biyu. Sharaɗin shiga ɗaya ne, wato mutum ya kasance yana zaune ko yana sana'a a unguwar. A wannan karon su 14 ne, kowa ya ba da naira 10,000 na fenti da man janareto, in kuma an sayi aikin mutum, zauren ya ɗauki kashi 20 cikin 100. Ba a karɓar ko kwabo a ƙofa. Na tarar da mata da goyo, da 'yan makaranta, da makanikai da baƙin mai a hannu, da wani mai shayi Bakatsine da ya bar teburinsa a hannun yaro ya leƙo, duk suna zagayawa a hankali suna nuna abu da yatsa.

Aikin da ya fara tsayar da ni na wani mai walda ne. Tun da aka hana acaba a manyan sassan Legas a 2022, ya ce, ɓaraguzan babura suka yi yawa a wurin 'yan gwangwan, sai ya riƙa sayen sarƙa da tankin mai da ƙarfen birki yana haɗa su. Ya ƙera keken ɗinki da injin markaɗe da kurar ruwa, dukkansu da sassan babur, domin a cewarsa waɗannan su ne sana'o'in da abokansa 'yan acaba suka koma. Mai shayin nan ya daɗe a gaban kurar, daga baya ya ce mini ƙanensa ma haka ta faru da shi. Kusa da shi wata mata ta rataya zannuwan adire, wato rinin shuni na Yarbawa wanda ake ɗaure ƙyalle ko a shafa masa kullun rogo kafin a tsoma shi, inda aka rufe ya fito fari. Akwai kuma wani saurayi da ya zana layin danfo a ruwan sama, rawayar motocin tana kwance a cikin ruwan da ya taru a titi, da wani kurma da ke sassaƙa ƙofofi. Ba duka ne suka yi kyau ba. Wasu hotunan an yi su da gaggawa, launi ya yi ihu, wasu kuma kwaikwayo ne na abin da ake gani a intanet. Amma a gefen kowane aiki, mai kyau da marar kyau, an manna 'yar takarda da aka rubuta sunan mai shi da shekarar da ya yi shi da abin da ya yi amfani da shi da kuɗinsa, kuma na lura mutane sukan karanta takardar kafin su waiwaya su nemi mai sunan a cikin taro.

Aikin ɗan ƙanwata guda uku ne, a kan falanki, da fentin mota irin wanda ya saba da shi. Na farko kwandunan tumatir ne a kasuwar Mile 12 da asuba, jere har inda ido ya ƙare, ja yana tashi daga cikin duhu. Na biyu bayan tirelar shanu ce tana shiga gari, samari uku zaune a saman katako sun juya baya, rawunansu sun yi fari da ƙurar hanya. Babu fuska ko ɗaya a ciki, kuma da na tambaye shi ya ce, "Kawu, saboda Baba ne. Na ce in bar abin da zai dame shi, in ga ko sauran zai ishe ni. Kuma ya ishe ni." Na ukun ne ya sa ƙafafuna suka yi sanyi. Fuskar zauren gidanmu ce ta cikin birnin Zariya, da dagin da ke saman ƙofa, da zankwaye biyu, da zanen da ya kewaye ƙofar kamar aska a wuyan babbar riga, har da inda makuba ta ɓantare a kusurwar hagu. Ya ɗauke shi a waya da ya zo hutun Salla yana ɗan shekara 15. Wannan bango yanzu babu shi, domin shekara shida da suka wuce, bayan ruwa ya zubar da gefe ɗaya, ni da ƙannena muka haɗa kuɗi aka shafe shi da siminti, muna murna mun yi gyara. A takardar da ke gefe ya rubuta sunansa, a ƙasa kuma ya ƙara cewa asalin zanen na wani magini ne a Zariya, kuma ba na sayarwa ba ne. Ya ce, "Kawu, wane ne ya yi shi? Na so in sa sunansa." Na yi shekara 50 ina shiga ina fita ta ƙarƙashin wannan zane, kuma ban iya ba shi amsa ba.

Ina tsaye a wurin sai ya kawo mini shugaban zauren, wani dattijo Bayarabe mai furfura wanda ya yi karatu a Kwalejin Fasaha ta Yaba, ya kuma koyar da zane a sakandare har ya yi ritaya. Da ya ji daga Zariya nake, sai ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce ashe daga tushe na zo. Ya ba ni labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya a 1958, kafin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka ƙi yarda su tsaya ga kwaikwayon malamansu Turawa, suka ce za su karɓi kayan aikin Bature amma su ɗebo zane daga gidajen iyayensu. Grillo, wanda aka san shi da shuɗin launi, ya dawo Yaba ya shugabanci sashen zane shekaru masu yawa, ya rasu a 2021, kuma dattijon ya ce duk wanda ya riƙe buroshi a wannan zaure, ko ya sani ko bai sani ba, jikan Zariya ne. Na san Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, har unguwa guda ke amsa sunansa. Na san Ladi Kwali mai tukwane da ke bayan takardar naira 20. Amma waɗannan biyun sun tsira da sunansu ne domin sarauta ko hukuma ta riƙe shi. Sauran maginan da suka ƙawata birninmu, da masu zayyanar allo, da mata masu ɗinkin hula irin wadda aka zazzage a gefen titi, aikinsu ya yi nisa ya bar su a baya. A wannan ɗaki mai rufin kwano kuwa, abin da ake kashewa don kada hakan ta faru bai wuce 'yar takarda da gam ba.

Kafin magariba wata mata mai gidan abinci ta sayi kwandunan tumatir a kan naira 60,000, aka manna ɗan jan ɗigo a takardar, alamar an saya. Yaron ya fita waje ya tsaya shi kaɗai na ɗan lokaci.

Ranar Litinin ya ce sai na ga inda manya suke. Muka hau jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara aiki a 2024 daga tashar Agege, ya bi ta Ikeja da Oshodi da Mushin ya sauke mu a Yaba cikin ɗan lokaci, tafiyar da a danfo takan ci rabin safiya. Daga nan muka hau gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12 a kan ruwa, gidajen katako na Makoko suna tsaye a kan turaku a gefenmu, muka sauya mota a Obalende zuwa Lekki. Gidan zane na Nike Davies-Okundaye bene ne fari mai hawa biyar, cike da hotuna da sassaƙa da aikin duwatsun ado tun daga ƙasa har sama, kuma shi ma ba a biyan kuɗin shiga. Matar 'yar Ogidi ce ta jihar Kogi, da rini da saƙa ta tashi, ta kuma koya wa mata masu yawa adire a cibiyar da ta buɗe a Oshogbo. Na tsaya gaban wani zane mai shuni na tuna marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda aka rubuta a ƙofarta cewa tun 1498 take, inda yanzu ramuka da yawa suka bushe, masu rinin kuma suna zaune suna jiran baƙon da zai ɗauki hoto. Shunin ɗaya ne, hannun namu ma bai gaza ba. Farashin wasu ayyukan a Lekki ya kai miliyoyi, wurin kuma ya burge ni matuƙa, amma zuwa da dawowa ya ci mana kusan naira 9,000 da yini guda, kuma ban ga mai shayi ko makanike a ciki ba. Zuciyata ta fi kwanciya da zauren Agege, inda maƙwabci yake shigowa da silifa ya ga abin da yaron da ya sani tun yana rarrafe ya yi da hannunsa.

Da daddare na faɗa wa Alhaji abin da na gani, ban ƙara ba ban rage ba, har da hotunan wasu da ke da fuskoki. Na ce masa hukuncin sura na malamai ne, ya tambayi wanda ya amince da shi, amma ɗansa ya kiyaye masa iyakar da ya sa tun kafin a roƙe shi. Bai ce zai je ba, kuma har na baro garin bai je ba. Sai dai ya karɓi wayata ya daɗe yana duban tirelar, ya faɗi sunan mai motar da garin da take ɗauko shanu, sannan ya ƙwala wa yaron kira ya ce masa igiyar da ya zana a ƙofar baya ba haka ake ɗaure ta ba, ya zo mayanka gobe da sassafe a nuna masa. Ƙanwata tana bakin ƙofa da kwano a hannu, ta dube ni ta koma ciki.

Na dawo ta hanyar da na bi, tafiyar duka ta ci mini kimanin naira 115,000. Dattijon zauren ya yarda aka sauke hoton bangonmu kafin a rufe baje kolin, yaron ya naɗe shi da kwali da buhu, na riƙe shi a tsakanin gwiwoyina har Kwangila. A wani shinge bayan Owo an ce in kwance, mai kakin ya duba ya tambayi wanda ya yi, na nuna masa sunan a kusurwar ƙasa, ya karanta shi a fili ya ce in wuce.

Washegarin isowata na kai wa mahaifiyarmu hoton a ɗakinta. Idonta ya yi rauni, don haka sai da na fito da shi tsakar gida ta matso da fuskarta, ta bi dagin da yatsa. Ta ce ana cikin yin wannan zane aka kawo ta gidan tana amarya, kuma mutum biyu ne suka yi shi, wani magini da ƙanensa, ƙanen ne ma ya hau tsani ya yi na saman ƙofa domin wan ya tsufa. Ta tuna laƙabin babban da unguwarsu, na ƙaramin ya ɓace mata, amma ta ce akwai wata jikarsu da ke aure a bayan kasuwa. Na juya falankin na rubuta abin da ta faɗa a bayansa da biro, na ɗauki hoton rubutun na aika Agege, sannan na sa ƙaramin ɗana ya je bayan kasuwa ya tambayo mini gidan.